Neman sunan saurayin da bai dawo daga yaƙin Bama ba

Gidaje da yawa a Kano suna da wani saurayi da abin da aka sani game da shi bai wuce "ya tafi yaƙin Bama, bai dawo ba." Bama a nan ita ce ƙasar Burma, Myanmar ta yau, inda aka gwabza a yaƙin duniya na biyu. Namu saurayin ƙanin kakata ne, ɗan wani ƙauye a gabas da birni, aka ɗebe shi soja zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ko aure bai yi ba. Ba hoto, ba kabari. Na bi sawunsa har na samo inda aka rubuta sunansa, kuma aikin yana yiwuwa daga Kano da wayar hannu, muddin ba a yi gaggawa ba.

Wajen tsofaffi ake farawa, ba a intanet ba. A zauna da kowa shi kaɗai, don in aka haɗa su, mai ƙarfin murya ne zai rinjayi sauran. A nemi izini a kunna naɗin murya. Kada a tambayi shekara, da wuya a samu. A ce, "Inna, da damina ya tafi ko an cire gyaɗa? Da wa da wa suka tafi? Wa ya kawo labarin rasuwar?" A rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da dagacin lokacin. Tsofaffin mata sun fi riƙe waɗannan, su ne suka zauna da uwar yaron tana jiran tsammani.

Sai a buɗe adaka. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambar soja, wadda ga 'yan Najeriya take farawa da NA. Tana iya fitowa a wasiƙa ko wata takardar biyan kuɗi. Lambar yabo ta tagulla mai siffar tauraro ba ta cika taimakawa da suna ba, domin Ingila ta raba su ba tare da zana sunan mai ita ba. Amma ƙyallenta yana magana: shuɗi mai duhu da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo na Bama ne, mai launin rairayi da ja a tsakiya na fagen Afirka ne, kamar yaƙin Habasha na 1940 zuwa 1941. Takarda in an samu, a ɗauki hotonta gaba da baya. Kada a kai a manne ta da leda mai zafi, zafin da gam ɗin suna cin tawada kuma ba a iya ɓarewa. Ambulan mai tsabta ta isa, nesa da laimar damina da gara.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne suna. Akawun soja ba ya rubuta sunan uba sau da yawa, sai ya haɗa sunan mutum da gari. Ɗan ƙauye kuwa da wuya a sa ƙauyensa, sai a ce Kano, ko garin hakimi, ko inda aka rubuta shi. Wani ma da gangan ya ba da wani gari don kada iyaye su biyo shi. Ga kuma rubutun Bature: Muhammadu ya zama Momadu ko Mama, Abdu ya zama Audu ko Abudu, Garba ya zama Garuba. Saboda haka kafin a shiga shafin CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin yaƙin duniya, a jera duk yadda za a iya rubuta sunan a takarda, a gwada kowanne a gurbin sunan farko da na ƙarshe, don sau da yawa suna biyun a gurbi ɗaya aka cusa su. Binciken kyauta ne.

Kada a taƙaita nema ga bataliyoyin masu bindiga. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943, suna da dubban 'yan dako da suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin duwatsun Arakan da kwarin Kaladan, ga direbobi, ga masu jinya, ga 'yan igwa. Wasu bataliyoyin Najeriya kuma sun shiga daji tare da dakarun Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingila, a 1944, shi ya sa ake da barikin Chindit a Zariya. Yaran ƙauye da yawa cikin 'yan dakon suke, kuma zazzaɓin cizon sauro da atini sun kashe mutane ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

In suna ya fito, kada a yi saurin cewa shi ne. Masu suna ɗaya da "Kano" a baya suna da yawa. Ni ban yarda ba sai da abu uku suka haɗu: shekarar rasuwa ta dace da lokacin da labari ya iso gida, rundunarsa ta dace da ta abokin tafiyarsa da ya dawo, sannan ƙarin bayanin da ke ƙasa ya ambaci sunan mahaifinsa. Ba kowa aka yi wa wannan ƙarin ba. In babu shi kuma babu lamba, gara a ce "mai yiwuwa" da a ɗora wa tsohuwa kabarin ɗan wani.

Wanda aka san kabarinsa, galibi yana maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, ko Chittagong da Maynamati a Bangaladash. Wanda daji ya cinye gawarsa, sunansa na kan ginshiƙan tunawa na Rangoon (tsohon sunan Yangon), cikin maƙabartar Taukkyan ɗin, tare da suna kusan 27,000. Namu a nan yake. Shafin yana ba da takardar shaida da za a iya bugawa a kowane shagon kwamfuta. Mai son sanin yadda aka ɗebi samari a gundumarsu sai ya nufi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Arewa House, ko Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, ya kuma nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939.

Da labari ya tabbata, mun tambayi malamin unguwa batun sallar gawa daga nesa, ya ce addu'a da sadaka sun wadatar. Aka haɗa kuɗi aka gyara rijiyar masallacin ƙauyen da niyyar ladan ya kai gare shi, aka raba waina ranar Juma'a. Kowane gida na zuri'ar ya samu kwafin shafi ɗaya: sunan yanka, sunan da soja suka rubuta, lamba, runduna, ranar rasuwa da lissafin Hijira. Shekarar 1944 kusan duka ta faɗa cikin 1363. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, mukan karanta wa yara shafin.

Da zarar an ji kana wannan nema, za a samu mai cewa akwai kuɗin mamacin a Ingila, a kawo na cike takarda. Hukumar kaburbura ba ta biyan diyya kuma ba ta karɓar ko kwabo. In kuwa sunan da ta rubuta yana da kuskure, kai tsaye ake aika mata hoton takardar da ke hannunku ta shafinta, ta duba.