Mariam Kamara da tsohon masallacin Dandaji

Mu dai a wajenmu da zarar gari ya samu ɗan kuɗi, ko wani attajiri ya ce zai yi aikin Allah, abu na farko da ake sa wa ido shi ne tsohon masallacin ƙasa, a rushe shi a kafa na bulo da siminti a ɗora kwano mai sheƙi, kowa ya ce masha Allah gari ya ci gaba. Haka aka so yi a Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, sai Allah ya kawo Mariam Issoufou Kamara cikin maganar.

Ita fa wannan baiwar Allah ba da zanen gini ta fara ba. An haife ta a 1979 a Faransa, ta tashi a Nijar, ta je Amurka ta karanta kwamfuta har digiri na biyu, ta yi shekaru tana wannan aikin kafin ta ajiye shi ta koma aji a Jami'ar Washington ta karanta zanen gine-gine, ta gama a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai. Kun san yadda dangi za su kalli mutumin da ya bar aikin kwamfuta a Amurka ya dawo yana maganar jar ƙasa, to ita dai ta yi.

Masallacin na Dandaji ba na banza ba ne, aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin nan da ya gina masallacin Juma'a na Yama wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Wato hannun da duniya ta yaba shi ne ya ɗaura bakan gizon wannan ɗakin, amma ga shi ya tsufa, yaɓe ya zube, jama'a sun yi masa yawa, kuma gaskiya ba laifinsu ba ne in sun ce suna son sabo, wa zai so ya yi sallar Juma'a a rana?

Abin da ya burge ni shi ne ba ta tsaya yi wa mutane wa'azin tarihi ba. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran suka ce to a gina sabon masallaci babba mai ɗaukar mutum kamar 1,000, shi kuma tsohon a gyara shi ya zama laburare. Aka nemo maginan da suka yi aikin farko aka sa su cikin gyaran, aka sabunta yaɓe, a ciki aka jera kantocin littattafai da wuraren zama, aka yi azuzuwa na yaƙi da jahilci da na mata. Wurin gaba ɗaya aka sa masa suna Hikma, an gama a 2018, kuma tun kafin a gama ya ci lambar zinare a gasar gine-gine ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017.

Sabon masallacin ma ba ta gudu daga ƙasa ba, da bulon jar ƙasa aka yi shi, irin wanda ake matsewa a inji ba a gasa ba, ƙasar ma daga nan kusa da garin aka haƙo. Duk wanda ya taɓa kwana a soro a watan Afrilu ya kuma kwana a ɗakin kwano ya san bambancin, bango mai kauri yana riƙe zafin rana sai dare ya sake shi, ba ruwanka da jiran wuta ko janareta.

Ni a ganina nan ne dabarar take. Ginin ƙasa in ba a shiga ba a fita mutuwa yake, indararo ya toshe ba wanda ya gani, damina biyu uku gara da ruwa sun cinye azara. Amma in yara suna zuwa karatu kullum dole wani ya lura da tsaga ya kira magini, magini kuma ya samu abin yi ya koya wa ɗansa. Dubi ganuwar Kano mana, kowa na alfahari da ita a baki amma ana ta yankar ta ana kafa shaguna. Masallacin Zariya na shahararren maginin nan Babban Gwani kuwa sai da aka lulluɓe abin da ya rage da sabon gini.

Akwai masu cewa ai Turawa ne ke son irin wannan, su ba ka kyauta su koma gidajensu na gilashi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don har yau talaka a Yamai ko Katsina in ya samu kuɗi bulo zai saya, kar a ce gidansa na ƙasa ne. Ita ma ta san da haka, shi ya sa aikin gidajen Niamey 2000 da ta yi da abokanta suka yi shi da ƙasa amma na zamani, mai bene, don ma'aikaci mai albashi ya gani ya yi sha'awa. Yanzu farfesa ce a jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizalan, tana koyar da adana gine-ginen gado, kuma ita aka ba zanen cibiyar Ellen Johnson Sirleaf, tsohuwar shugabar ƙasar Laberiya, a Monrobiya.