Kwana 19 a cikin mota da mage da aku

Bayan na yi ritaya na sayi tsohuwar bas ƙirar Hiace. Wani mai walda a Ƙofar Ƙaura ya cire kujerun baya, kafinta ya haɗa mana gado da akwatuna a ƙarƙashinsa, muka ɗora faifan sola a kan rufin saboda fanka da cajin waya. Niyyarmu ni da Hajiya mu zaga dangi daga Katsina har Bauchi a tsanake, inda dare ya yi mana mu kwana a ƙofar gidan ɗan'uwa. Abin da ya rage shi ne magenmu, Fara, da akun Hajiya. Babu wanda za mu bar wa su hankalinmu ya kwanta, don haka muka tafi tare.

Kafin mu tashi na kai Fara asibitin dabbobi aka yi mata rigakafin ciwon haukan kare. Likitan ya ja kunnena sosai: ko zazzaɓi ta yi kada in ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

Daga Katsina zuwa Daura bai wuce kilomita 80 ba, amma Fara ta yi kuka cikin kwandonta har muka wuce Mashi. Sai da Hajiya ta shimfiɗa mata tsohon zanenta mai ƙamshin gida ta lafa. Yashi muka zuba mata a roba a bayan gado, kullum da safe in zubar in sake ɗebo wani. Shi kuwa aku hayaƙi ne ba ya jurewa, saboda haka risho bai taɓa kunnuwa a cikin motar ba, a waje muke girki ko da iska na kaɗawa.

A Wudil na yi kuskuren da har yau yake damuna. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, gari ya cika. Na tafi masallaci, Hajiya ta ɗauki kejin aku ta shiga gidan ƙawarta, muka bar Fara a mota da gilashi a ɗan buɗe, muna ganin hakan ya isa. Da na dawo na tarar da ita kwance, baki buɗe, harshe waje, tana haki. Mage ba ta haki irin na kare sai abin ya kai maƙura. Na matsar da motar ƙarƙashin bishiya, muka jiƙa tsumma da ruwan randa muna shafa mata a tafin ƙafa da kunnuwa da ciki, fanka na kaɗa ta. An kusa La'asar kafin ta ɗaga kai ta lashi ruwa. Hajiya ta ce, "Alhaji, ka tuna hadisin matar da ta kulle mage." Ban iya ce mata komai ba, domin shi ne a raina tun da na buɗe ƙofar.

Daga ranar muka sauya tsarin tafiyar gaba ɗaya. Mu kama hanya bayan Asuba, kafin ƙarfe 11 mun nemi inuwa, ba za mu sake tashi ba sai La'asar, kuma Magariba ba ta riskarmu a kan titi. In ɗaya zai fita, ɗayan ya zauna da dabbobin. Birnin Kudu da Ningi, da da wucewa kawai za mu yi, kowanne sai da muka kwana a cikinsa, muka gaisa da dangin da rabonmu da su an yi shekaru.

Yanzu motar tana ajiye a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Duk hantsi Fara takan je ta tsaya a ƙofarta tana kuka sai an buɗe mata, ta haye gadon ta kwanta a kan zanen nan. Ni kuma sai in ɗauko kujera in zauna kusa, ƙofa a buɗe, har ta gama barcinta.