Ranar karɓar sakamakon Kawu

Tun asuba na kasa komawa barci, domin yau ne muke karɓar sakamakon ɗan naman da likitoci suka tsakuro daga mafitsarar Kawu, bayan sun zura siririn bututu mai kyamara sun ga baƙin tabo a bangonta. Inna ta matsa sai da muka sha koko kafin mu fita.

Likitan ya juyo mana kwamfutarsa muka ga hoton, ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an barbaɗa garin gawayi a kan tsoka. Ya ce sunan abin melanosis, wato melanin, sinadarin da ke ba fatarmu launinta, shi ne ya taru inda bai saba zama ba. Sun duba har da tsargiya, tunda Kawu ya tashi yana wanka a kududdufi, kuma tsargiyar da ta daɗe a jiki tana iya jawo sankarar mafitsara, amma ba su ga ƙwan tsutsarta ba. Ƙwayoyin daji ma babu.

Kawu ya yi hamdala, ya miƙe yana gyara hula. Likitan ya ce, "Baba, ɗan zauna, da sauran magana." Ya bayyana cewa tabon kansa ba daji ba ne, kuma ba kasafai ake ganinsa ba, sai dai a cikin 'yan kaɗan ɗin da aka same su da shi, akwai waɗanda aka tarar da sankara tare da tabon, akwai kuma waɗanda ta ɓullo musu daga baya. Don haka yana so a riƙa sake leƙawa lokaci-lokaci, a bar sigari, kuma duk ranar da aka ga jini a fitsari, ko babu zafi, a dawo.

A cikin adaidaita na ce, "Kawu, kun dai ji zancen komawa ko?" Ya ce, "Ni abin da na ji, ba daji ba ne. Bututun nan ba zai sake shiga jikina ba, 'yar nan." Na san kunya ce ke damunsa fiye da zafin, shi ya sa na yi shiru, amma maganar ta tsaya mini a rai har yanzu.

Bayan magariba ina jiyo shi a zaure yana gaya wa maƙwabta cewa likita ya sallame shi, kwalin sigari kuwa na nan a aljihunsa. Katin ranar komawa yana cikin jakata. Gobe da safe zan kai wa Inna shi, domin ita kaɗai yake jin maganarta.