Jimla ɗaya a kan jana'izar Gatsby

A watan jiya na karɓi shaidar kammala digirina na biyu a fannin adabi a nan Legas, bayan shekara uku maimakon biyu, kuma jimla ɗaya tak ce ta jawo mini wannan ƙarin shekara. Kundina ya shafi yadda marubuta ƙagaggun labarai suke amfani da taron liyafa wajen fallasa halin mutane, babi na biyu kuwa a kan The Great Gatsby ne, wanda marubucin Amurka Fitzgerald ya fitar a 1925, labarin wani attajiri mai suna Gatsby da yake shirya manyan liyafofi a gidansa.

Na karanta littafin tun ina digiri na farko, saboda haka na ɗauka na san shi. Lokacin da nake rubuta babin, kullum sai bayan isha nake isa gida Agege saboda cunkoson hanya, sai na ga ya fi sauƙi in kalli fim ɗin da aka yi a 2013 don in tuna ƙarshen labarin. Daga nan na rubuta cewa duk ɗaruruwan mutanen da suka ci suka sha a gidan Gatsby, babu wanda ya halarci jana'izarsa sai Nick, maƙwabcinsa mai ba da labarin. A littafin ba haka abin yake ba. Mahaifin Gatsby ya zo, akwai limamin coci da barori huɗu ko biyar da mai raba wasiƙu, sannan a maƙabarta, cikin ruwan sama, wani baƙo guda daga cikin masu zuwa liyafa ya iso, wato mutumin nan mai manyan tabarau da Nick ya taɓa tararwa a ɗakin karatun gidan yana mamakin cewa littattafan na gaske ne.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne babin ya yi mako uku a hannun malamin da yake duba aikina, ya gani, ya yi shiru, sai da na tsaya gaban malaman sashe da ɗalibai sannan ya tambaye ni a wane shafi na karanta haka. Da na kasa amsawa, sai ya ƙara da cewa ba abin mamaki ba ne, tunda mutanenmu ba su san liyafa ba, balle su yi nazarinta. Aka yi dariya. Ya ba da shawarar a sake babin daga farko, kuma kafin in gama, lokacin kare kundi na wannan shekarar ya wuce.

Na yi kwana biyu ban fita ba. A rana ta uku Gwaggona, wadda nake zaune a wurinta, ta sa na ba ta labarin littafin gaba ɗaya da Hausa, har akwatuna biyar na lemo da lemon tsami da ake kawowa duk Juma'a. Da na kai ƙarshe sai ta ce, "'Yar nan, wannan ai ba biki ya yi ba, ciyar da baƙi ya yi. Wa ya kawo masa gudummawa? Wa yake binsa?" Ta ɗauko littafin da take rubuta duk abin da aka kawo mata a bikin 'ya'yanta, turmin atamfa da kwano da kuɗi, da sunan kowace mace, domin ranar bikin waccan ita ma ta san abin da za ta mayar.

Wannan tambayar ce ta zama ƙashin bayan sabon babin. Yawancin baƙin Gatsby ba a gayyace su ba, zuwa kawai suke yi, saboda haka babu bashin da ya hau kansu, kuma wanda ba a binsa komai ba shi da dalilin zuwa gaisuwa. Mai tabarau shi ne wanda ya tsaya ya duba abin mai gida da idon basira, shi ne kuma ya taka ƙafarsa zuwa kabari. Da na share shi daga jana'izar, na share hujja mafi ƙarfi da littafin ya ba ni.

Daga nan na koma kan No Longer at Ease na Chinua Achebe, na 1960, wanda labarinsa yake faruwa a nan Legas. Liyafar da ƙungiyar mutanen garin Umuofia ta shirya wa ɗan garinsu Obi, jarumin littafin, da ya dawo daga Ingila kishiyar ta Gatsby ce, domin bashi ne ya cika ɗakin: sun ranta masa fam 800 don karatu, suna jiran ya fito da shiga ta manya da Turanci mai nauyi, shi kuwa ya zo da 'yar riga saboda zafi, ya yi magana da kalmomi masu sauƙi. Babu wanda ya zage shi, amma mai karatu yana jin ɗakin ya yi sanyi. Duk wadda ta taɓa zuwa biki ba tare da anko ba ta san wannan kallon.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Ba na ƙara rubuta komai a kan littafi sai shafin yana buɗe a gabana. Duk babin da na miƙa wa mai dubawa, ina ajiye kwafinsa da kwanan watan da na miƙa. Ga ɗaliban da ke tafe, musamman 'yan'uwana mata daga Agege da Idi-Araba, ina ba ku shawara ku nemi wani malami na biyu ya karanta aikinku kafin ranar gabatarwa, ko da mai duba ku bai so ba.

A ranar kare kundi, malamar da aka gayyato daga wata jami'a ta fi daɗewa a kan babi na biyu, ta tambaye ni inda na samo batun bashin biki. Na ce mata daga Gwaggona ne, kuma sunanta yana shafin godiya. Malamin nawa yana zaune a gefe, bai ce komai ba.