Katakon da Za a Shimfiɗa wa Matakalar Bene

Asabar, Birnin Kebbi.

Da hantsi na isa wurin ginin da ke Badariya, domin mun yi da kafinta cewa yau za mu yanke shawara a kan abin da za a shimfiɗa wa matakalar bene. Magina sun daɗe da zuba kankarenta, kuma da zan bi abin da kowa ke yi, da tayil zan sa a manna. Abin da ya hana ni shi ne santsinsa idan ruwa ya taɓa shi, ga Inna da ciwon gwiwa, ga yara da ba su san hawa a hankali ba.

Da farko raina ya kwanta da tsagar maɗaci ko loko, itace zalla. Kafintan bai yi mini musu ba, sai ya jawo wani falanki da ya rage daga aikin rufi ya ajiye a gabana. Bakinsa ya tsage, tsakiyarsa ta lanƙwashe, har idan aka kwantar da shi a ƙasa sai ya riƙa rawa. Yawancin katakon da ke zuwa mana daga kudu da ɗanyensa yake isowa, shi kuwa itace ta faɗinsa yake kumbura da damina, ya tsuke idan iskar hunturu ta zuƙe masa danshi, alhali tsawonsa kusan ba ya motsi. A garin da ake fita daga ruwan Agusta a shiga bushewar Janairu, taki mai faɗin santimita 28 ba zai zauna lafiya ba sai in an busar da shi sosai, kuma samun irin wannan yana da wuya da tsada.

Daga nan muka wuce wurin masu sayar da katako don ganin na masana'anta. Nan na fahimci cewa abin da muke haɗa wa suna ɗaya iri-iri ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Filawud ana fere gungumen itace ne siriri-siriri, a jera fallayen da gam, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, shi ya sa idan ɗaya ya so tsukewa sai ɗayan ya riƙe shi. Na ɗauki wani yanki mai kaurin milimita 18 na bi gefensa da farce ina duba layukan. Kafintan ya ce abin lura shi ne ramuka, domin mai arha za ka tarar da gurbi a tsakanin fallaye, kuma ta nan yake fara lotsawa. MDF kuwa zaren katako ne da aka niƙe, aka cuɗa da gam, aka matse da zafi. Fuskarsa sumul take, tana karɓar fenti da kyau, kuma ita ce ta ja hankalina.

Kafintan ya karɓi guntun kowanne ya jefa a bokitin ruwa kafin mu tafi sallar azahar. Da muka dawo bayan la'asar, gefen MDF ɗin ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, filawud ɗin kuwa jiƙewa kawai ya yi. Ya ce mini, "Alhaji, wanga katako na durowa ne da kabad, ba na wurin da mata ke wankewa da ruwa ba." Ya ƙara da cewa idan aka ɗaura masa sukuru ta gefe tsagewa yake yi. HDF, wato irinsa da aka fi matsewa, ya fi shi tauri, amma asalinsu ɗaya. Marin bod, wato filawud ɗin da ake zuba kankaren bene a kansa, yana jure ruwa, sai dai baƙar fatar da ke kansa tana da santsi kuma ba ta riƙe banish, don haka muka bar shi.

Mun tsaya a kan filawud mai kyau, da sharaɗin a yi wa kowane taki leɓe na busasshen maɗaci, wanda zai fito da kamar santimita 2, a kuma kashe masa kaifi. Bakin taki ne ke shan dunduniya da takalmi, fallen saman filawud kuwa siriri ne ƙwarai, idan ya cinye ba shi da gyara da sanfefa. Wannan ƙarin kuɗi ne, amma ban ga inda za a kauce masa ba. Gara mai cin itace ma ba ta ƙyale filawud don yana da gam, saboda haka za a shafa masa magani, a rufe gefuna da ƙasansa da banish, a sa leda mai kauri tsakaninsa da kankare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awo. Tsayin kowane taki santimita 17.5 ne, faɗinsa 28, kuma idan aka ninka tsayin sau biyu aka haɗa da faɗin ana samun 63, wanda ya dace da ƙa'idar da masanin gine-ginen Faransa François Blondel ya kafa tun ƙarni na 17 bisa tsawon takun mutum. Amma da zarar an ɗora milimita 18 a kan kowane taki, na farko zai ƙara tsayi, na ƙarshe ya ragu, sai fa idan tayil ɗin falon ƙasa da na sama ya tashi da kauri daidai da haka. Ƙafa tana sabawa da tsayi ɗaya, kuma taki guda da ya saɓa ya isa ya kayar da mutum a cikin duhu.

Na biya kafin alƙalami, aka kai allunan cikin gidan aka jera su a kwance a kan ƙananan katakai, domin su saba da iskar wurin kafin zarto ya taɓa su. Bayan magariba na kira mai tayil, na roƙe shi ya zo ranar Litinin su auna tare da kafinta kafin a yanka ko guda ɗaya.