Alhamis a ɗakin duba mata: nono ba jariri, jariri ba nono

Yau ranar kasuwar Dole ce a nan Damagaram, don haka motocin Mirriya da na Matamai suka sauke mana mutane tun hantsi bai yi ba. Mafi yawa awon ciki ne da ciwon mara. Mata biyu ne suka cinye rabin yinin, kuma ciwonsu daga wuri ɗaya ya taso: ipofiz, ɗan ƙullin nan mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ke ba ƙwan mace da nono da tiroyid (ƙullin da ke gaban wuya) umarni ta hanyar sinadaran homon.

Ta farko wata takwas ba ta ga al'ada ba, nononta na tsatstsafo da ruwa, alhali ta yaye tun shekara biyu. A gida an yanke cewa ciki ne ya kwanta, har an kashe kuɗi wajen tada shi. Gwajin fitsari ya ce babu ciki, ekografi, wato hoton ciki, ma ta nuna mahaifa wayam. Abin da ake zargi a irin wannan shi ne hauhawar prolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono. Idan ya yi yawa sai ya danne FSH da LH, homon ɗin da ke sa ƙwai ya nuna ya fita, ƙwai ya daina fita, al'ada ta ɗauke.

Kafin a tura ta labo sai an zazzage jakarta. Primpéran da ake sha don amai yana ɗaga prolaktin, haka Haldol da Largactil na taɓin hankali. Na amai ana dakatar da shi kwana 3 a sake awo. Na taɓin hankali kuwa ba a taɓa shi sai da yardar likitan da ya rubuta. Ba ta shan ko ɗaya. Na ce ta zo da safe, kada ta matsa nonon, ta zauna kamar minti 20 kafin a ɗebi jinin, a haɗa da TSH, homon ɗin ipofiz da ke tada tiroyid, domin raunin tiroyid shi ma yana jawo wannan. Ga macen da ba ta da ciki ba ta shayarwa, ana son prolaktin ya tsaya ƙasa da 25 ng/ml. Idan ya haura 200, ko ga ciwon kai da rashin ganin gefe, sai hoton ƙwaƙwalwa, don ƙari ne ake nema a ipofiz. Magani Parlodel ne: rabin ƙwaya, 1.25 mg, da dare bayan tuwo, a riƙa ƙarawa sannu har 2.5 mg sau biyu a yini. Wadda ta fara da cikakkiyar ƙwaya da safe cikinta wayam, jiri da tashin zuciya za su sa ta jefar da kwalin tun kwana na biyu. Dostinex ya fi sauƙin sha, sau ɗaya ko biyu a mako, sai dai tsada.

Ta biyu surukarta ce ta riƙo ta. Hunturu bai yi tsanani ba amma ta lulluɓa da zane biyu, magana da ƙyar, awon jininta ya faɗi zuwa 8 bisa 5. An sha yi mata maganin masassara da na ƙarancin jini.

“Inna, haihuwarta ta ƙarshe a ina aka yi?”

“A gida, likita. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya yi ta zuba, sai da aka kai ta a amalanke aka ƙara mata.”

“Nono ya zo?”

“Ko ɗigo. Ƙanwata ce ta shayar da yaron.”

Al'ada ma ba ta dawo ba tun lokacin, shekara huɗu ke nan. Da na duba, gashin hamata da na mara duk sun zube. Wannan shi ne ciwon Sheehan, da sunan likitan Ingila da ya bayyana shi a 1937. Lokacin goyon ciki ipofiz yana kumbura sosai, amma jijiyoyin da ke ciyar da shi ba sa ƙaruwa daidai da haka. Idan jini ya zuba da yawa wajen haihuwa, bugun jini ya faɗi, sai sashen gabansa ya mutu. Nono ne ke fara nunawa, sauran kuwa su lallaɓo cikin shekaru, shi ya sa ake cewa lalaci ne ko iska.

A nan TSH yana yaudara, yana iya fitowa daidai alhali tiroyid ya kwanta. T4 ake awo, wato homon ɗin tiroyid kansa, da kortizol na ƙarfe 8 na safe, homon ɗin da ke riƙe ƙarfin jiki da awon jini, da gishirin jini da sukari. Jerin magani kuma ba a juya shi: idrokortizon, mai maye gurbin kortizol, shi ne farko, 15 zuwa 25 mg a yini, kaso mafi girma da safe, sai bayan kwanaki a shigo da Levothyrox, maganin tiroyid. Wanda ya fara da Levothyrox zai iya kifar da mara lafiya, domin ya hanzarta jikin da ba shi da kortizol. Levothyrox da ruwa ake sha, rabin awa kafin koko, a raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa 4. Ranar zazzaɓi a ninka idrokortizon. Idan amai ya hana shi zama a ciki, allura ce, a taho asibiti ko da tsakar dare. Estrojen da projesteron, homon ɗin mata, za su biyo baya don kare ƙashi.

Abu mai wuya shi ne fahimtar da Inna cewa maganin nan ba ya ƙarewa. Na rubuta sunan ciwon da adadin ƙwayoyin a kati da manyan baƙaƙe, na ce ya zauna a jakarta, a nuna wa duk wanda zai duba ta. Za su kwana Garin Malam wajen dangi, gobe a ɗebi jinin da ƙarfe 8.