Kafin in miƙa makullin ɗakin sabar kwamfuta

Tun da labarin tafiyata ya fita, ɗaliban da ke zuwa mana aikin SIWES, wato horon sanin makamar aiki, daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi suke yi mini tambaya guda, wato wane fanni na aikin kwamfuta ya kamata su kama. Amsata ba ta yi musu daɗi, domin sunan sabon abin da ake yayi suke son ji.

Ni ma da yayi na fara. Shekara guda cur na yi ina koyon Flash, manhajar yin hotuna masu motsi a shafukan intanet, sai ga kamfanin Adobe mai shi ya sanar a 2017 cewa zai daina kula da shi a ƙarshen 2020, haka kuwa aka yi. Wannan asarar lokaci ce kawai. Abin da har yau yake ci mini rai ya faru ne wata Alhamis cikin watan Afrilu, da irin zafin nan na Sakkwato da ke haura digiri 40, ga janareto yana ta tari, lokacin da aka ce in gyara lambar asusun banki ta ma'aikaci ɗaya a rumbun bayanan albashi. Na rubuta umarnin UPDATE, wato na sauya bayani, na manta da WHERE, wanda shi ne ke faɗa wa na'ura layin da za ta taɓa, kafin in ƙifta ido duk ma'aikatan gidan sun koma kan asusu ɗaya. Da na koma wurin kwafin ajiya, sai na tarar faifan ya cika tun watanni, ni kuma ban taɓa gwada dawo da komai daga cikinsa ba. Kwana uku muka yi muna kwafo lambobi daga fayilolin takarda da hannu.

A gaban kowa shugaban sashe ya tambaye ni amfanin takardun shaidar da na jera a bango. Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Bai ambaci takardu biyun da na rubuta masa ina neman sabon faifai ba, ni ma ban ambata ba, amma kwafinsu na nan cikin jakata.

Saboda haka nake ce wa yaran su fara zama da SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, har hannunsu ya saba buɗe BEGIN, mai riƙe aiki har a tabbatar da shi, kafin kowane gyara, yadda ROLLBACK, mai soke gyaran, zai cece su idan sun yi ɓarna, sannan su iya Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da yadda ake raba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa, su kuma riƙa gwada kwafin ajiya duk wata. Yaren shirye-shirye guda ya isa da farko, ni Python nake zaɓa musu. Takardar CCNA, ta shaidar ƙwarewa a haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, tana da kyau, sai dai wa'adinta shekara uku ne. Su kuma koyi rubuta takardar ofis, su ajiye kwafi.

Wanda zai gaje ni zai tarar da faifai mai kyau a kan tebur. Mako guda bayan abin ya faru aka sayo shi.